Zaɓen A-kori-kura Don Jigilar Kayan Su: Lissafin Da Ke Gaban Masunta Da Fataken Kifi A Jihar Neja

Minna – A duk lokacin da aka ambaci madatsun ruwan Jihar Neja, wutar lantarki ce ke fara zuwa zukatan jama'a. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba ta 1985, da ta Shiroro ta 1990, da kuma ta Zungeru wadda aikinta ya kammala a 2023, su ne suka sa ake yi wa jihar kirari da cibiyar wutar ƙasa. Amma a bayan kowace madatsa akwai tafki, kuma a bakin kowane tafki akwai dubban iyalai waɗanda da kamun kifi suke ci suke sha. Ga waɗannan bayin Allah, da fataken da ke kwasar kifinsu zuwa kasuwannin Minna da Suleja da Abuja, babu jarin da ya kai na motar jigila tsada, babu kuma wanda kuskure a kansa ya fi saurin karya mutum.

Dalilin bukatar motar a bayyane yake. Ruwan tafki ba ya zama wuri ɗaya: yana cika da damina, yana ja da baya da rani gwargwadon yadda ake sakinsa don juya injunan wuta, kuma mashigar jirage na bin sa. Haka nan masunta kan yi ƙaura daga wannan tafki zuwa wancan idan kamu ya yi ƙasa. Kowace ƙaura na nufin ɗaukar kwale-kwale da injinsa, da taru da birgi da mamari, da jarkokin mai, sannan a ranar kasuwa a ɗauko kwandunan banda ko ɗanyen kifi cikin ƙanƙara. Motar da ta dace da wannan aiki ita ce a-kori-kura, wato mai buɗaɗɗen baya. Abin tambaya shi ne wace iri, kuma a kan wane lissafi.

Shekaru da dama amsar ba ta da wuya. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, a-kori-kurar Peugeot, ƙirar 404 da 504, ta zama jakar ƙauyukan Arewa, domin babu garin da za a rasa bakaniken da ya san cikinta. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, kasuwa ta koma hannun masu shigo da tsofaffin motoci daga Turai ta Legas da Kwatano. A tsakiyar shekarun 2000 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna, motocin Japan irin su Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Isuzu suka mamaye fagen. Daga baya kamfanin Innoson na Nnewi da wasu kamfanonin ƙasar Sin suka shigo da nasu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya auna shi ne tsawon bodi. Kayan su ba su cika nauyi kamar buhunan hatsi ko doyar Gwada ba, amma suna da tsawo da cin wuri. Mota mai gida biyu, wato mai kujerun baya, bodinta bai wuce kimanin mita ɗaya da rabi ba, alhali mai gida ɗaya na ba da fiye da mita biyu. Kwale-kwalen katako kuwa kan kai mita shida, wani ma ya wuce. Idan aka kwantar da shi a gajeren bodi, yawancinsa zai fita ta baya, nauyinsa ya rinjayi ƙafar baya ya ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya rage kamu. Maganin wannan shi ne a haɗa kariyar ƙarfe mai tsayin rufin mota, ɗaya a bayan gidan direba ɗaya a ƙarshen bodi, a kife jirgin a kai, a ɗaure shi gaba da baya, a rataya jan ƙyalle a bakinsa. Babban jirgi kuwa ba aikin a-kori-kura ba ne, sai babbar mota.

Abu na biyu shi ne nauyi. Galibin waɗannan motoci an ƙera su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma wannan adadi ya haɗa da direba da duk wanda ya hau. Maza biyar sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku tun ba a ɗora komai ba. Injin jirgi mai ƙarfin doki 40 ya kai kimanin kilo 70, jiƙaƙƙen taru ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, kuma kowace litar ruwa da ke cikin robar kifi kilo guda ce. Al'adar ƙara ganyen sifirin don mota ta daina zaunawa ba ta ƙara wa birki ko taya ko ƙashin mota ƙarfi. Ɓoye alamar lodin da ya wuce kima kawai take yi, har ranar da abin zai faru a gangare.

Na uku shi ne hanya. Daga Minna zuwa Zumba a bakin tafkin Shiroro ta Gwada ake bi, zuwa Zungeru kuma ta titin da ya tashi daga Minna zuwa Tegina, kuma mafi yawan tafiyar a kan kwalta ne, komai lalacewarsa. Wahalar tana cikin 'yan kilomitocin ƙarshe, daga titi zuwa bakin ruwa, inda laka da yashi ke riƙe mota. A nan ne mota mai jan ƙafa huɗu ke nuna amfaninta. To amma ta fi tsadar saye, ta fi shan mai, kuma tana da ƙarin sassan da za su lalace. Wanda mashigarsa ke da tudu mai tauri, ko wanda zai iya biyan 'yan dako su fito da kaya bakin titi, yana biyan kuɗin abin da ba zai mora ba sai 'yan makonni a shekara. Har ila yau, hare-haren 'yan bindiga da suka addabi sassan ƙananan hukumomin Shiroro da Rafi da Munya a shekarun baya-bayan nan sun sa dole a sanya tsaro cikin lissafi: mota mai ƙyalli na jan ido, kuma tafiyar dare ko zagaye ta doguwar hanya duk kuɗi ne.

Na huɗu shi ne mai da kayan gyara. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da ya ninka kuɗin duk wani ƙarfen da ake shigowa da shi. Injin gas ya fi na fetur tsimin mai da ƙarfin jan kaya, amma sababbin injunan gas ba sa jure gurɓataccen mai, kuma gyaran famfonsu sai ƙwararre. Ga mai ɗanyen kifi, motar da ta kwana biyu a gareji tana jiran kaya daga Legas ta jawo asara biyu, ta gyara da ta kifi. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a fara zagaya shagunan kayan gyara na Minna a ga abin da ke kan kantarsu. A kuma leƙa ƙarƙashin motar, domin wadda ta fito daga ƙasashen sanyi, inda ake zuba gishiri a titi, sau da yawa tsatsa ta riga ta ci ƙashinta, kuma ruwan kifi zai ƙarasa abin da ya rage. Takardun kwastan ma a tabbatar da sahihancinsu. Araha dai ba ta ado.

Duk da haka, babban lissafin bai tsaya a kan irin motar ba. Masana tattalin arziki na raba kuɗin mota gida biyu: wanda ake kashewa idan ta yi tafiya, kamar mai da taya, da wanda ke tafiya ko tana ajiye, kamar raguwar darajarta, da inshora, da takardu, da albashin direba, da ribar da jarin zai kawo da an sa shi a wani wuri. Alal misali, a ƙaddara kashi na biyun ya kai naira miliyan 2 a shekara. Idan motar ta yi sawu 40, kowane sawu na ɗauke da naira 50,000 tun ba a sayi mai ba; idan ta yi sawu 160, ya sauko zuwa 12,500. Masuncin da ke ƙaura sau biyu ko uku a shekara, yana zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, shata ta fi masa sauƙi, kuɗinsa kuma ya fi amfani a sabon inji ko taru. Falken da ke zagaya kasuwanni uku ko huɗu a mako, yana tafiya da ƙanƙara da mai da kayan masarufi ya dawo da kifi, shi ne motar za ta mayar wa kuɗinsa, domin ba ta tafiya wayam ko ɗaya.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanyar ƙungiyoyin gama kai, inda masunta goma ko ashirin za su mallaki mota ɗaya a ƙarƙashin kulawar sarkin ruwa da shugabannin ƙungiya, da littafin shiga da fita, da asusun gyara da ba a taɓawa. Wannan fage ne da Bankin Manoma da ma'aikatar da ke kula da harkar kifi a jihar, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa, za su iya ba da gudummawa ta fuskar rance da horo. Ƙarancin kifi a tafki na da nasa magani, amma asarar da ake yi tsakanin bakin ruwa da kasuwa a hannun masu sana'ar take. Wanda ya auna bodi da kwale-kwalensa, ya auna lodi da ƙarfin motar, ya kuma ƙirga sawunsa na shekara kafin ya kira dillali, shi ne zai ga amfanin jarinsa. Iya ruwa, in ji Hausawa, fid da kai.