Diwali: Daren da Mabiya Hindu ke Tarbar Lakshmi

Duk mai kallon finafinan Indiya ya saba ganin gidaje cike da ƴan fitilun kasko, ana wasan wuta, ana rabon kayan zaƙi. Wannan shi ne Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, wanda ake kwana biyar ana yi a watan Oktoba ko Nuwamba. Rana ta uku ce ƙololuwarsa, kuma tana faɗawa ne a daren da wata ya ɓuya gaba ɗaya.

Labarin asalinsa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A arewacin Indiya ana tuna dawowar abin bautarsu Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana zaman daji, inda ya hallaka Ravana, sarkin Lanka da ya sace matarsa Sita. A kudu nasarar abin bautarsu Krishna kan mugun sarki Narakasura ake tunawa, a yankin Bengal kuwa Kali ake bauta wa a wannan dare.

Amma a yawancin gidaje, Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, ita ce baƙuwar da ake jira. Sun yi imani ba ta shiga gidan da ke da ƙazanta ko duhu. Shi ya sa tun kafin ranar ake share ko'ina, mata su zana ado da garin shinkafa da hoda mai launi a bakin ƙofa, a jera fitilun da aka zuba wa mai aka sa lagwanin auduga.

Ibadarsu ta puja ma tsarin karɓar babban baƙo take bi. A ba abin bautar wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a miƙa furanni da turare da abinci. Daga nan sai a zagaya fitila a gabansa ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya ɗora tafin hannu bisa harshen wutar ya shafa a fuska da ka. Abincin da aka miƙa kuma a raba wa jama'a a matsayin albarka.

Harkar kasuwa ma ba a barta a baya ba. Ƴan kasuwar jihar Gujarat kan buɗe sabbin littattafan lissafi a yi musu addu'a, a rana ta farko kuma ana rububin sayen zinariya da kwanuka. Rana ta biyar kuwa ta zumunci ce: ƴar'uwa ta ɗiga wa ɗan'uwanta jar alama a goshi ta roƙa masa tsawon rai, shi kuma ya yi mata kyauta.