Iska Na Wahalar Da Mai Babur: Tsokaci Kan Tafiya Tsakanin Tsafe, Gusau Da Bungudu

Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara. To amma a Jihar Zamfara ta yau mai kayan kara ya samu abokin wahala. Duk wanda ya tsaya da sanyin safiya a bakin titin da ya taso daga Tsafe, ya ratsa Gusau, ya miƙe zuwa Bungudu, zai ga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da malamin gona da ɗan kabu-kabu, kowa ya duƙa a kan babur, ido na zubar da hawaye, leɓe ya tsattsage, hula kuwa tana aljihu don gudun kada iska ta yi awon gaba da ita. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikin ma'aikatan da suke ganin sun wuce hawa babur sun jingine motocinsu sun koma kansa, saboda haka wannan magana ta shafe mu baki ɗaya.

Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, mun ɗauki dukan iska a matsayin ƙaddarar mai babur, wadda ba ta da magani sai haƙuri, har ma akan yi wa wanda ya nemi kariya kallon ragon namiji. A nawa ra'ayin wannan kuskure ne babba, domin jin daɗin mai tuƙi da tsirar ransa a haɗe suke. Mutumin da sanyi ya sandarar wa da yatsu ba zai kama burki a kan lokaci ba, wanda kuma ƙura ta cika wa ido ba zai hango ramin da ke gabansa ba.

Bari mu fara da yadda abin yake a ilmance. Ƙarfin da iska ke dukan ƙirjin mai babur yana ninkuwa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa. Idan mutum ya ninka gudunsa sau biyu, daga kilomita 40 a awa zuwa 80, dukan iskar sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa ɗan kabu-kabun da ke zagaye tsakanin Tudun Wada da Sabon Garin Gusau zai wuni bai koka ba, amma da zarar ya ɗauki hanyar Tsafe, wadda ba ta wuce kilomita 50 ba, sai ya sauka wuya da kafaɗu suna ciwo kamar wanda ya yi dako. Jikinsa ne ya yi ta kokawa da iska tun daga Damba har ya wuce dutsen Kwatarkwashi, ba tare da ya ankara ba.

Sai kuma batun sanyi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Iska mai gudu tana kwashe ɗumin jiki da sauri, kuma bisa jadawalin da masana yanayi na Amurka da Kanada suke amfani da shi tun 2001, idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 10, wanda ke fuskantar iska mai gudun kilomita 60 a awa zai ji kamar digiri 5 ne. Ga mai asma ko wani ciwon ƙirji, busasshiyar iska mai sanyi da ƙura ta isa ta tayar masa da ciwon kafin ya isa ofis. Kunne ma bai tsira ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar ƙarar da kunne zai jure na tsawon awa 8 a ma'aunin desibel 85, alhali kukan iska a kunnen mai sheƙa gudu a babbar hanya yakan zarce haka nesa ba kusa ba. Ji ba ya tafiya rana ɗaya, a hankali yake zarewa.

Masu ƙera babura a ƙasashen waje sun daɗe da gane haka. A Amurka wani mai suna Craig Vetter ya yi suna tun farkon shekarun 1970 da garkuwar iska mai suna Windjammer, wadda masu doguwar tafiya suke saye suna ɗaura wa baburansu. A 1976 kamfanin BMW na Jamus ya fito da samfurin R100RS, da garkuwar da aka gwada a ɗakin gwajin iska, sannan a 1980 Honda ta fara sayar da Gold Wing da tata garkuwar tun daga masana'anta. Mu kuwa abin da ya cika hanyoyinmu shi ne Bajaj Boxer da Jincheng da danginsu, ƙananan babura da aka yi domin ɗaukar kaya da juriya, waɗanda gabansu a buɗe yake fayau. Da su ne muke yin tafiyar da Bature ba zai yi ba sai ya shirya kamar mai zuwa yaƙi.

To mene ne abin yi? Na farko, ƙaramin gilashin kare iska na roba mai garai-garai, wanda ake ɗaurawa a saman fitila. Na yi shekaru ina bin hanyar Bungudu da irinsa, kuma bambancin a bayyane yake, domin yana ɗauke wa ƙirji mafi yawan dukan. Sai dai akwai ƙa'ida. Kada tsawonsa ya wuce saitin hancin mai tuƙi, don ya riƙa hangen hanya ta samansa ko da hazo ya dusashe shi. A bar 'yar kafa a ƙasansa yadda iska kaɗan za ta shiga, in ba haka ba sai ta riƙa murɗawa a bayansa tana girgiza kai. Kada a kuskura a sa gilashi mai fashewa, kuma idan ƙura ta hau shi a zuba ruwa kafin a goge, don busasshen tsumma kankare shi yake yi.

Akwai dalilin da ya sa na nace a kan ƙarami, kuma dalilin yana cikin shimfiɗar hanyar tamu. Daga Gusau, Tsafe na kudu maso gabas, Bungudu kuma na arewa maso yamma. Ke nan iskar hunturu a kaikaice take dukan matafiyi: ta hagu idan ya nufi Tsafe, ta dama idan ya nufi Bungudu. Duk wanda ya je wurin mai walda aka kafa masa faffaɗan allo a kan hannun babur, ya mayar da kansa mai kayan karan da aka faɗa, domin iskar gefe za ta riƙa fizgar masa hannu. Haka abin yake idan tirela ko tankar mai ta gifta, waɗanda ba sa yankewa a hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato. Dabara a nan ita ce a rage gudu tun kafin a haɗu, a matsa gefe, a matse tanki da gwiwoyi, a kuma sassauta riƙon hannu.

Na biyu, sutura. Babbar riga adon majalisa ce, amma a kan babur tarkon iska ce, kuma ita da hijabi ko mayafin wadda aka goya suna iya faɗawa cikin taya ko sarƙa, abin da ya sha jawo mummunan haɗari a garuruwanmu. A naɗe ta a sa a jaka har a isa. Abin da ake bukata shi ne riga mai kama jiki a ciki, da jaket mai hana iska shiga a waje, wadda ke rufe wuya da wuyan hannu, sai safar hannu da takalmi sau-ciki. Wanda bai da halin jaket, ko tsohuwar jarida ya shimfiɗa a ƙirji a ƙarƙashin riga zai ga amfaninta. Da bazara ma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuskure ne a tuɓe a bar 'yar shimi, domin iskar da ta fi jiki zafi ƙara masa zafi take yi, tana kuma busar da gumi har ƙishirwa ta galabaitar da mutum bai sani ba. Buzayen da ke ratsa hamada a lulluɓe sun riga mu sanin wannan.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne kai da fuska. Iyayenmu da rawani da amawali suke tare ƙura, kuma har kwanan baya haka masu babura suke yi. Amma halin tsaron da Zamfara ta shiga ya sauya lissafi. Tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, rufaffiyar fuska a kan babur ta zama abin zargi a shingen bincike da kuma ƙofar kowane ƙauye. Bugu da ƙari, matakan taƙaita zirga-zirgar babura da dare, irin waɗanda gwamnatin jihar ta ɗauka a watan Satumbar 2021, da tsoron kada duhu ya riski mutum a daji, sun koya wa jama'a sammako, wato fita a daidai lokacin da sanyi ya fi cizo. Mafita a nan ita ce hular kwano mai gilashi fari, wanda ake ɗagawa da yatsa ɗaya idan an tunkari jami'an tsaro. Tana tare ido daga ƙura da ƙwari, tana rufe kunne, tana kuma barin fuska a bayyane.

Na san ba mu da kyakkyawan tarihi da wannan hula. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a kai don kauce wa kamu, duniya ta yi mana dariya. A ganina inda aka gaza shi ne, an gabatar da ita a matsayin doka da tara, ba a nuna wa mai babur ribar da zai ci tun a ranar farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, da mummunan raunin kai da kusan kashi 70. Wannan gaskiya ne, amma mutum ba ya sa ran faɗuwa idan zai fita. Hawaye da mura da ciwon kunne kuwa kullum yana tare da su, kuma ta wannan ƙofar ya kamata a shigo masa.

Saura batun gudu. A tafiyar kilomita 50, wanda ya sauko daga 80 zuwa 60 bai yi asarar fiye da minti 13 ba, amma ya rage wa kansa kusan rabin dukan iska, ga kuma sauƙin shan mai. Ban manta cewa akwai wurare a hanyar Tsafe da tsoro ke sa kowa ya murɗa totur ba, kuma ba zan ga laifin kowa a kan haka ba. Sai dai wannan shi ne ƙarin dalilin da zai sa a tanadi kariya, domin inda ake bukatar gudu nan ne aka fi bukatar ido a buɗe da hannu mai motsi.

Don haka ina kira ga ma'aikatu da ƙananan hukumomin da ke raba wa ma'aikata babura, da su haɗa da hular kwano da safar hannu da gilashin gaba a cikin rabon. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu su sayo su da yawa su bai wa mambobinsu bashi a biya kaɗan-kaɗan, 'yan kasuwar kayan babura na Gusau kuma su daina kawo mana hulunan da ke tarwatsewa kamar ƙwai. Kuɗin waɗannan kaya gaba ɗaya bai kai na jinyar karayar ƙashi guda ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah Ya kare matafiyanmu, Ya kuma dawo wa Zamfara da zaman lafiya mai ɗorewa.