Jinin Dasashi Gargaɗi Ne

'Yan'uwa manoma, mun san bishiya takan faɗi idan ruwa ya zaizaye ƙasar gindinta. Haka haƙori yake. Dattin abinci yakan taurare a gindinsa, dasashi ya kumbura yana jini. In aka ƙyale, ciwon zai ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin har ya fita.

Mu riƙa goge baki safe da dare da asuwaki ko buroshi. Dattin da ya taurare kuwa, sai likitan haƙori ya kankare shi. A manyan asibitoci ana kafa sabon haƙori bisa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, amma da tsada ƙwarai. Da mun ga jini, mu je a duba mu.