Lalle a Farce: Tsohon Adon Karfi da Danginsa na Gaɓar Bahar Rum

A wannan zamani da wayar hannu ta shiga kusan kowane tsakar gida, har ya zamana budurwar da ke zaune a Karfi ta ƙasar Malumfashi tana iya ganin kwalliyar da takwararta ta Italiya ta yi tun kafin kwalliyar ta bushe, wani salon ado ya yawaita a cikin hotunan da ake yawo da su, wato mace ta zauna a ɗakinta ta ƙawata faratanta da hannunta, ba tare da ta biya kowa lada ba. Masu wannan yayi suna gwama abu biyu ne: tsohon salon da matan Turai suka yi ado da shi shekaru kusan ɗari da suka shuɗe, da kuma launukan ƙauyukan da ke gaɓar Bahar Rum, irin su ja na gasasshen yumɓu, da koren ganyen zaitun, da shuɗi da fari na bangon gidaje. Wanda ya dubi al'amarin da gaggawa sai ya ɗauka baƙon abu ne ya zo mana daga nesa, alhali kuwa wanda ya yi nazari da natsuwa zai tarar cewa galibin abin da ake kwaɗayi a cikin hotunan nan yana tsaye a bakin gonakinmu tun kaka da kakanni, kuma sunansa lalle.

Bari mu soma da tsohon salon na Turawa, domin labarinsa gajere ne. Jan farce irin na kwalba bai daɗe a duniya ba, domin a cikin shekarun 1920 ne ya yaɗu, bayan da masu harhaɗa sinadarai suka lura cewa irin fentin da ake fesa wa motoci, mai saurin bushewa da ƙyalli, ana iya sassauta shi a shafa wa farce; kamfanin Revlon kuwa, wanda ya yi suna da wannan haja, a shekarar 1932 aka kafa shi a Amurka. Matan wancan lokaci ba su cika shafe farce dukansa ba, sai su bar farin da ke gindinsa a fili, mai siffar jinjirin wata, su rina sauran da ja, kuma wannan shi ne abin da jikokinsu suke marmarin komawa gare shi a yau. To, duk wadda ta taɓa yin ƙunshin Salla ta san cewa bayan mako uku ko huɗu, idan farce ya ɗan tofo, wani farin baka yakan bayyana a gindinsa, jan kuma ya yi gaba, har siffar nan da matar birnin Faris ke wahalar zanawa da ɗan burushi ta fito da kanta, ba tare da an nema ba.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar ganyen lalle. A cikinsa akwai wani sinadari mai rini da masana ke kira loson, wanda idan ya haɗu da abin da aka halicci fata da gashi da farce da shi, sai ya shiga jikinsa ya kama, maimakon ya kwanta a kansa. A fata launin yakan dushe cikin mako biyu zuwa uku, saboda fatar sama kullum cikin saɓulewa take. Amma farce ba ya saɓa, sai dai ya tsiro daga gindi, kimanin milimita 3 a wata, don haka jan da ya kama shi ba zai rabu da shi ba sai an yanke shi kaɗan-kaɗan, a cikin wata 4 zuwa 6 ga yatsun hannu, ga na ƙafa kuwa har shekara guda ko fiye.

Game da Bahar Rum, zumuncin ya fi yadda ake zato tsufa. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma suna tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamas da Gat da Agadas, su sauke kaya a birnin Katsina da kasuwar Kurmi ta Kano, su koma da fatun awaki da baƙin yadi na marina. Kusan ta wannan hanya ce Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo, ya bar Tarabulus a 1850, ya iso Katsina da Kano a farkon 1851, kuma fataucin bai durƙushe ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ba turare da takarda da tsakiya kaɗai ke cikin kayan ayarin ba, har da littattafai da ɗabi'u, shi ya sa amaryar Fas ta ƙasar Maroko, da ta Gabis ta ƙasar Tunusiya, garin da ke bakin teku wanda lallensa ya shahara a kasuwannin Magariba, da amaryar Karfi ko Funtuwa, dukansu ba a kai su ɗakin miji sai an keɓe rana an sa musu lalle. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da al'adar lalle cikin jerin gadon 'yan Adam da ya cancanci kiyayewa, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, cikinsu har da Misira da Tunusiya da Aljeriya da Maroko da Sudan da Muritaniya. Nijeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashe, duk da cewa Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayanin sa wa amare lalle a ƙasar Zazzau tun zamanin ƙuruciyarta, kafin zuwan Turawa. A ganina wannan sakaci ne da ya kamata masu kula da al'adu a ƙasarmu su gyara.

Wanda yake son ganin ainihin adon ƙauyen Bahar Rum, ba wanda ake tallatawa ga masu yawon buɗe ido ba, sai ya nemi hoton tukwanen da matan Sajnan ke ginawa a arewacin Tunusiya, sana'ar da ita ma UNESCO ta karrama a 2018: yumɓu ne mai launin ƙasa, an yi masa zane da ja da baƙi, ɗigo-ɗigo, da layuka masu karkace-karkace, da siffofi masu kusurwa uku a jere. Idan aka ajiye su kusa da ƙwaryar da masassaƙinmu ya zana da wuƙa mai zafi, ko faifan da aka saƙa da rinanniyar kaba, da ƙyar baƙo zai rarrabe wanne ya fito daga wace ƙasa. Ma'ana dai, yarinyar da ke neman abin da za ta kwaikwaya a farcenta ba ta bukatar ta ƙarar da kuɗin data, ta ɗaga ido kawai ta dubi jeren ɗakin kakarta.

Sai dai akwai mas'alar da ta fi kwalliya nauyi ga Musulma, wadda kuma ita ce ta sa lalle ya rinjayi kishiyarsa ta kwalba a ƙasar nan, wato mas'alar tsarki. Fuƙaha'u sun sharɗanta cewa kada a sami wani ha'ili, abin da ke shamakance ruwa daga isa ga gaɓar da aka wajabta wankewa, a alwala ko a wankan ibada, kuma farce yana cikin hannun da aka yi umurni a wanke har zuwa gwiwa. Jan farce na kwalba jiki gare shi, yana bushewa ya zama ɓawo a bisa farcen, saboda haka alwalar da aka yi da shi ba ta inganta ba sai an goge shi. Lalle kuwa, da zarar an kankare kwaɓin an wanke, launi ne kurum ya rage, ruwa yana ratsa shi. Abin sha'awa kuma, littattafan da ɗalibai ke karanta babin tsarki a cikinsu a zaurukan malamanmu su ma daga ƙasashen gaɓar tekun nan suka zo: Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mutumin Ƙairawan ta Tunusiya wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, ta ambaci yanke farce cikin ɗabi'un fiɗira, ta kuma halatta rina gashi da lalle, Ahalari kuwa mawallafinsa mutumin Aljeriya ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ba a barin farce ya wuce kwana 40 ba a yanke ba, wanda hakan ya isa amsa ga masu tara zaƙo-zaƙon akaifa da masu liƙa ta roba. Mai takaba kuwa an hana ta lalle, har ta cika wata huɗu da kwana goma.

Ban da wannan, akwai hujjar da rayuwar Karfi da kanta take bayarwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma idan kaka ta yi, hannun mace ba ya hutawa tsakanin ɓarar masara da sussuka da surfe da wanke-wanke. Fentin kwalba ba ya kwana uku a irin wannan hannu bai ɓantare ba, ya bar farce dabbare-dabbare, abin da ya fi rashin kwalliyar muni; lalle kuwa ba ruwansa da taɓarya. Ga shi kuma shuka ce mai haƙuri, wadda manomi kan dasa a kan iyakar gona, ta shekara da shekaru ana yanka tana tofowa. Tsohuwar zuma, in ji masu iya magana, da ita ake magani.

Kaifiyyar yin sa a gida ba ta da wuya, amma tana son natsuwa. A samo ganyen da aka shanya a inuwa, wanda korensa bai koɗe ba, domin garin da ya daɗe a kasuwa har ya koma ruwan toka ƙarfinsa ya tafi. A daka shi lukui, a tankaɗe da rariya mai laushi, a sake tacewa ta cikin siririn ƙyalle, sannan a kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari kaɗan, wanda ke hana kwaɓin saurin bushewa ya zube, a rufe a ajiye shi wuri mai ɗumi na wasu sa'o'i, har samansa ya yi duhu, alamar rinin ya fito. Kafin nan a yanke farce, a wanke shi da sabulu, domin maiƙo shi ne babban abokin gabar lalle. Iyayenmu dai sukan lulluɓe kan yatsun gaba ɗaya, su naɗe da ganye da tsumma, su zura hannun cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da 'yan matan yau da yawa ba su taɓa gani ba, su kwana da shi. Kuma har yanzu ban ga ƙunshin da ya kai wannan kwarjini a hannun babbar mace ba. Wadda take son zane kuwa, sai ta ari dabarar masu ƙunshin salatif: ta yanka salatif ƙanana da sabuwar reza, ta liƙa mai siffar baka a gindin farce idan jinjirin watan take so, ko masu kusurwa uku a jere idan zanen tukwane take so, ta shafa lalle a bisa, duk inda salatif ya rufe zai fito fari. Ɗigo-ɗigo kuwa tsinken tsintsiya ya wadatar. Bayan sa'a shida, ko kwana guda ga mai juriya, a kankare, a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya, a ɗan jinkirta taɓa ruwa gwargwadon iko. Launin zai soma da ruwan goro, ya ci gaba da nuna har kwana biyu, wadda kuma take son ya ƙara duhu sai ta maimaita a dare na biyu. Abu guda dai ya kamata ta tuna tun kafin ta liƙa salatif ɗin farko, shi ne kuskuren da aka yi a tafin hannu mako biyu ne, wanda aka yi a farce kuwa sai an yi watanni ana kallonsa.

Lalle ba ya ba da shuɗi, ba ya ba da fari ko kore. Iyakarsa tsakanin ruwan goro da ja mai duhu. Wadda ranta ya biya ga shuɗin gidajen bakin teku, babu laifi ta sayi na kwalba ta shafa a kwanakin da ba ta salla, da sharaɗin ta tanadi ruwan gogewa, ta cire shi sarai har lungun farce kafin wankan tsarki.

Wajibi ne kuma a yi gargaɗi game da baƙin ƙunshi, wanda ake kira dayis, domin babu wani ganyen lalle da Allah Ya halitta mai ba da baƙi wuluk cikin rabin sa'a. Abin da ke yin wannan aiki, a mafi yawan lokuta, sinadarin rina gashi ne da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda likitocin fata suka tabbatar yana haddasa ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa ga wasu mutane, wani lokaci ya bar tabo mai siffar zanen, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada, ko da a rinin gashi ne. Shi kansa lalle na gaskiya bai dace a shafa wa jarirai ba, saboda akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda take da yawa a Afirka ta Yamma musamman ga 'ya'ya maza, kuma lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin yaron da ke ɗauke da ita ba tare da iyaye sun san yana da ita ba.

Saboda haka, 'yan'uwa mata, idan biki ko Salla ta gabato, ku nemi ganyen ku daka da kanku, ko ku sayi garinsa wurin wanda kuka amince da shi. Duk kuma hodar da aka ce tana kamawa kafin a gama dafa shayi, ku guje ta, kada ku bari ta taɓa jikin amarya.