Abin da ke sa dusar ƙanƙara zaftarewa a tsaunukan Alps idan sanyi ya ja baya

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyin Turai ke sassautawa, masu hawan dutse da masu wasan zamiya kan bar filayen da ake kula da su, su nausa cikin tsaunukan Alps. A waɗannan tsaunuka, zaftarewar dusar ƙanƙara na halaka mutum kusan 100 duk shekara, kuma galibi nauyin wanda abin ya rutsa da shi ko na abokan tafiyarsa ne ke tayar da ita.

Dusar da ke kan tsauni hawa-hawa take, domin kowace zuba tana kwantawa ne bisa ta baya. Idan rana ta yi zafi, saman yakan narke, ruwan ya tsiyaya ƙasa har ya raunana abin da ke riƙe da shimfiɗun. Daga nan sai dusar ta sulale gaba ɗaya, musamman a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45.

Ƙurar Sahara ma tana da hannu. Iska kan kwashe ta zuwa Turai, kamar yadda aka gani a Maris na 2022. Dusar da ƙura ta rina ta fi farar dusa shan zafin rana, don haka ta fi saurin narkewa.

Shi ya sa masana ke fara duba yadda daren jiya ya kasance. Idan sama ta washe, saman dusar yakan daskare ya yi tauri, a samu sa'o'in tafiya da sassafe. Idan kuwa gajimare ya rufe, dusar kan kwana a jiƙe. Ƙa'idar ita ce a yi sammako, a sauko kafin rana ta take, kuma a juya da zarar ƙafa ta fara nutsewa.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin haɗari mai mataki biyar, kuma cibiyar SLF da ke Davos ce ke fitar da sanarwar Suwizalan. Wanda dusa ta binne, idan aka tono shi cikin minti 15, kusan tara cikin goma kan rayu. Bayan rabin sa'a damar takan ragu matuƙa. Saboda haka ake son kowane matafiyi ya ɗauki na'urar gano wanda aka binne, da sandar lalube, da shebur, domin abokan tafiya ne kan riga jirgin ceto isa wurin.