SAYEN KAYAN KWALLIYA: ABIN DA MAI SAYE YA KAMATA YA SAMU A WAJEN MAI KAYA

Idan kaka ta yi, aka sayar da gero da wake da gyaɗa, bukukuwan aure sukan yawaita a Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya. Lokacin ne ake haɗa lefe. Bayan atamfa da takalmi, ba a rasa man shafawa, da sabulu, da hoda, da jan baki, da kwalli, da turare a cikin akwati.

Wasu a teburin ɗan koli suke saye ranar kasuwa. Wasu dillaliya ce take kai musu har gida. Wasu kuma sukan shiga mota su tafi Kano, su sayo a Kasuwar Sabon Gari ko a manyan kantuna, inda ake jera kayan a cikin gilashi.

Ko a ina aka saya, magana ɗaya ce. Kuɗin da mai saye ya biya ba na kwalba kaɗai ba ne. Ya biya har da gaskiyar abin da ke cikinta. Atamfa idan ta zuba, an yi asarar kuɗi. Amma man shafawa idan ya ɓaci, fatar mutum ce take biya, wani lokaci har da lafiyarsa.

FARA'A DABAN, GASKIYA DABAN

Mai kaya nagari yakan amsa sallama da sakin fuska. Yakan saurari mai saye. Ba ya raina wanda ya zo da kuɗi kaɗan, ko wanda ya ga alamar daga ƙauye ya fito. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Amma fara'a ba ta isa ba. Akwai mai daɗin baki da zai ce wa mace, "Hajiya, wannan man kwana bakwai ya ishe shi, ko mai gida ba zai gane ki ba." Ya ƙara mata gyara, ya rako ta har bakin rumfa. Duk wannan ba shaida ba ce cewa kayansa na da kyau. Ana gane mai kayan kirki ne ta abubuwa biyar:

1. Yana bari a ɗauki kaya a duba da kyau kafin a biya.
2. Yana faɗin farashi a fili, ba ya canza shi don ya ga baƙuwar fuska.
3. Yana amsa tambaya. Abin da bai sani ba, yakan ce bai sani ba.
4. Ba ya matsa wa mutum ya sayi abin da bai zo nema ba.
5. Yana karɓar kayansa idan aka same su da aibi.

DOKA TANA BAYAN MAI SAYE

Waɗannan abubuwa ba al'ada ce kawai ba. Tun a 1992 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa majalisar kare haƙƙin masu saye. A farkon 2019 aka sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta kafa hukumar da ake kira FCCPC a madadin waccan majalisa. Dokar ta ba mai saye ikon ya san farashi, ya duba kaya, a yi masa bayani da maganar da zai gane, kuma ya mayar da kayan da suka zo da aibi ko masu cutarwa.

A wasu kantuna akan rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Wannan rubutu ba ya soke haƙƙin mai saye idan kayan jabu ne, ko sun lalace, ko wa'adinsu ya wuce.

Akwai kuma hukumar NAFDAC, wadda aka yi dokar kafa ta a 1993. Mutane da yawa sun ɗauka magani da abinci kawai take kula da su. Har da kayan kwalliya. Duk man shafawa, ko sabulu, ko hoda da kamfani ya yi don sayarwa, sai ta yi masa rajista, ko a Nijeriya aka yi shi ko daga waje aka shigo da shi.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A KARANTA A JIKIN KWALBA

A nan ne karatun yaƙi da jahilci yake amfani. Rubutun jikin kwalba yawanci da Turanci yake. Amma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali, kuma ya san lambobi, zai iya gano abubuwa huɗu.

Na farko, lambar rajista. A nemi kalmar NAFDAC, da lambobi a gabanta. Idan babu, a ajiye kayan. Idan akwai, kada a tsaya nan, domin masu jabu su ma sukan buga lambar ƙarya.

Na biyu, kwanan wata. Inda aka rubuta MFD ko MFG, lokacin da aka yi kayan ke nan. Inda aka rubuta EXP, lokacin da wa'adinsu zai ƙare ke nan. Misali, EXP 08/2027 yana nufin watan takwas na shekarar 2027. Idan aka ga an kankare wurin, ko an manna wata takarda a kai, akwai lauje cikin naɗi. A wasu kayan akan zana ƙaramar kwalba mai buɗaɗɗen murfi, a rubuta 6M ko 12M. Ma'anarsa, a yi amfani da kayan cikin wata 6 ko wata 12 daga ranar da aka buɗe.

Na uku, sunan kamfanin da ya yi kayan da adireshinsa. Kayan da ba su da mai su, babu wanda za a kama idan sun yi ɓarna.

Na huɗu, jerin abubuwan da aka haɗa a ciki. Ba dole ba ne a gane duka. Akwai dai sunaye huɗu da ya kamata a kwafa a takarda, a riƙa tafiya da ita kasuwa: Mercury, Hydroquinone, Clobetasol, Betamethasone.

Bayan karatu, a duba murfi. Shin a liƙe yake kamar yadda ya fito daga kamfani? Idan man ya rabu gida biyu, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa, ko ya canza launi, ko yana warin tsohon man gyaɗa, ya lalace. Kayan da suka yini a rana a kan tebur sukan lalace da wuri.

ME YA SA WAƊANNAN SUNAYE HUƊU?

Duka huɗun ana samun su a mayukan sa fari, waɗanda ake kira man bilicin.

Mercury shi ne zaiba. Guba ce. Tana shiga jiki ta fata, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Mai ciki takan ba ɗan da ke cikinta, mai shayarwa takan ba jaririnta ta nono. An haramta sa ta a kayan kwalliya.

Hydroquinone yana rage baƙin fata da farko. Idan aka daɗe ana shafawa, sai ya bar tabo baƙi ƙirin a kumatu da goshi, mai wuyar fita. A Nijeriya ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba.

Clobetasol da Betamethasone kuwa magunguna ne masu ƙarfi. Likita ne yake rubuta su don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci. Ba kayan ado ba ne. Mai shafa su kullum fatarta takan yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Idan ta ji rauni ko aka yi mata tiyata, ciwon yakan daɗe bai warke ba. Suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A wani rahoto na 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sa fari. A watan Fabrairu na 2023, a wani taro da aka yi a Kano, hukumar NAFDAC a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya.

Mai kaya nagari ba zai ɓoye wannan ba. Ba zai kira man bilicin da sunan "mai goge datti" ko "mai fito da kalar asali" ba. Ba kuma zai ba uwa irin wannan mai ta shafa wa yaro ba.

MAN HAƊI DA MAN TSIYAYE

Akwai masu haɗa mayuka uku ko huɗu a roba, su juya, su sayar da sunan haɗi na musamman. Akwai masu tsiyayo mai daga babbar jarka su ƙulla a leda. Irin wannan ba shi da suna, ba lamba, ba kwanan wata. Cinikin biri a sama ke nan. Sau da yawa shi kansa mai haɗin bai san yawan abin da ya zuba ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gara man kaɗanya mai tsabta, ko basilin na gaskiya, da haɗin da ba a san asalinsa ba.

KWALLI DA LALLE

Kwalli na dutse mai ƙyalli tsohon ado ne. Amma irin wannan dutse yawanci dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya da aka samu da gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, an samu fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake a can daga haƙar zinariya ta fito. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da an ga alama ba. Saboda haka kada a sa wa jariri kwallin dutse.

Lallen gargajiya na ganye, mai ja, ba kasafai yake cutarwa ba. Amma baƙin lalle akan haɗa shi da sinadarin rinin gashi. Wasu idan ya taɓa su, wurin zanen yakan yi ƙaiƙayi, ya kumbura, ya ɗuri ruwa kamar ƙuna. Amarya da ƙawayenta suna da ikon su tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba a ciki.

GWAJI KAFIN AMFANI

A manyan kantuna akan ajiye buɗaɗɗen jan baki ko hoda don gwaji. Hannu da yawa sun taɓa shi. Kada a sa shi a leɓe ko a ido, domin ta haka ciwon ido irin na afolo yake yaɗuwa. A gwada launi a bayan hannu kawai.

Sabon mai kuwa, idan an kai gida, kada a fara da fuska. A shafa ɗan kaɗan a cikin dantse, a jira kwana 2. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko zafi, wannan mai bai karɓi jikin ba.

IDAN AIKE AKA YI

Mata da yawa ba su zuwa kasuwa da kansu. Mai gida ne yake sayowa, ko a aiki yaro. A nan ma rubutu yana taimako. A rubuta sunan kayan a takarda, ko a ba ɗan aike tsohuwar kwalba ya nuna. A gaya masa ya yi sharaɗi da mai kaya tun kafin ya biya: idan ba shi ake so ba, za a dawo da shi a liƙe. Dillaliya ma ana yi mata tambayoyin da ake yi wa mai kanti. Sanayya ba ta hana tambaya.

Idan sayayyar mai yawa ce, kamar ta lefe, a nemi rasit. A rubuta sunan kanti, da kayan, da kuɗin, da kwanan wata. A adana shi.

SHI MA MAI KAYA YANA DA HAƘƘI

Ciniki yardar mutum biyu ne. Bai dace mai saye ya ɓalle murfin kaya ba tare da izini ba. Bai dace ya shafa rabin kwalba, sannan ya dawo da ita don kawai ya canza ra'ayi ba. Wanda ya ɗauki kayan dillaliya bashi, ya biya a kan lokaci, domin jarinta ƙarami ne. Ɗan koli ma wani lokaci shi aka cuta a wajen sari. A fara yi masa magana da lalama.

IDAN KAYA SUN YI ƁARNA

Da zarar an ga ƙuraje, ko kumburi, ko ƙuna, a daina shafawa, a wanke wurin da ruwa mai tsabta. A je asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gaya, a tafi da kwalbar don ma'aikacin lafiya ya karanta. Kada a koma wajen mai kaya neman wani man da zai gyara ɓarnar na farko. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin, ita ma ta nemi shawarar likita a kan yadda za ta bari, domin fata takan yi bore idan aka daina farat ɗaya.

Bayan haka a mayar wa mai kaya da kayansa. Idan ya ƙi sauraro, a kai magana gaban sarkin kasuwa ko dagaci. Idan jabu ne, a sanar da ofishin NAFDAC da ke Kano, ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. Wanda ya yi shiru, ya bar maƙwabciyarsa ta sayi irin kwalbar a kasuwa mai zuwa.

Mai saye da ya ɗauki kwalba ya juya ta, ya karanta, ya yi tambaya, bai yi rashin kunya ba. Mai kaya mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ɓata rai don an ce a ga kwanan wata, a bar masa kayansa, a matsa rumfa ta gaba.