Bayan Macondo: Ci Gaban Na'urorin Toshe Rijiyar Mai da Iyakarsu

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, iskar gas ta ɓalle daga rijiyar Macondo a Tekun Meziko, dandamalin haƙa na Deepwater Horizon ya kama da wuta. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya kwana 87 yana kwarara. Wannan masifa ce ta sauya alƙiblar kayan kariya a harkar haƙar mai cikin teku.

A bakin kowace rijiyar da ake haƙawa akwai wata jibgegiyar na'ura da ake kira BOP. Makaminta na ƙarshe muƙamuƙan ƙarfe ne masu datse bututu su rufe ramin in abu ya gagara. A Macondo bututun ya lanƙwashe ya kauce daga tsakiya, muƙamuƙan suka kasa datse shi. Sai 15 ga Yuli aka samu rufe rijiyar da murfi, a zurfin kusan mita 1,500.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, kamfanonin ExxonMobil da Chevron da ConocoPhillips da Shell suka zuba dala biliyan ɗaya domin tanadar murafen gaggawa tun kafin a buƙace su; an kuma girke irinsu a Norway da Brazil da Singafo da Afirka ta Kudu. Na biyu, Amurka ta tsaurara dokar gwajin BOP a 2016, aka sassauta ta a 2019 bayan kamfanoni sun koka da tsada, aka sake ɗaure ta a 2023.

Riba ta fito fili: yau ba sai bayan gobara za a fara ƙera murfi ba. Sai dai murfi yana taƙaita ɓarna ne, ba ya dawo da rai. A Macondo simintin da aka toshe gindin rijiyar da shi ne ya fara gazawa, sannan ma'aikata suka yi wa sakamakon gwajin matsi gurguwar fahimta, alhali aiki ya makara ana gaggawar kammalawa.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. A Janairun 2012 dandamalin KS Endeavor ya ƙone a gaɓar Bayelsa, mutum biyu suka rasu, wutar ta yi makonni tana ci. Ƙasar da kasafinta ya rataya a kan mai tana buƙatar sufetoci masu zaman kansu, da doka mai ɗorewa, da ma'aikacin da zai iya cewa a dakata da haƙa ba tare da tsoron kora ba.